Wanda Aka Yi wa Makoki Ya Komo Gida

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, akan yi taron tunawa da 'yan mazan jiya a ƙasarmu. Manya sukan ajiye furanni, a busa begila, a saki tattabaru, a yi shiru domin waɗanda suka faɗi a fagen fama. Wannan daidai ne. Amma akwai waɗansu da ba a cika ambatonsu ba a wannan rana, watau waɗanda abokan gāba suka kama da rai, suka sha ɗauri da yunwa, daga baya Allah ya komo da su. Ba a kuma cika ambaton iyayensu da matansu da 'ya'yansu ba, su da suka yi zaman jira, waɗansu har suka fid da zuciya.

A gidanmu, a ƙasar Lausu ta wajen Rano, mun yi irin wannan mutum. Yayan mahaifinmu ne, muna ce da shi Baffa. Ubangiji ya riga ya kira shi gida. Mun shawarta da 'yan'uwa, suka yarda mu ba da labarinsa ba tare da ambaton sunan kowa ba, domin muna gani akwai gidaje da yawa a yau da suke bukatar abin da gidanmu ya koya da wahala. Abin da muka koya shi ne, sakin ɗaurarre aikin rana ɗaya ne, amma komowarsa gida takan ɗauki shekaru, mutanen gida kuwa suna da babban rabo a cikin wannan aiki.

Ƙasarmu ta san kamu tun dā

Kudancin ƙasar Kano ta daɗe da sanin kamun mutane. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sukan fito daga duwatsunsu su kai hari, su kwashi mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Hare-haren ba su ƙare sarai ba sai wajen zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Tsofaffinmu sun ji daga bakin kakanninsu yadda akan tafi gona da baka da kwari, yara kuwa a koya musu inda za su ɓuya in sun ji kururuwa. A zamanin nan wanda aka kama ba safai yake komowa ba. Saboda haka mutanenmu sun gāji sanin yadda ake kukan wanda aka tafi da shi, amma ba su gāji sanin yadda ake karɓar wanda ya komo ba.

Yadda aka kama Baffa

Masu karatu da yawa ba a haife su ba sa'ad da aka yi yaƙin basasa, don haka bari mu ɗan tuna musu. A 1966 aka yi juyin mulki sau biyu, aka kuma kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har da Kano. Waɗanda suka tsira suka gudu gida. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasa jiha 12, ciki har da Jihar Kano. Bayan kwana uku, ran 30 ga wata, Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara. Ran 6 ga Yuli aka soma harbi.

Kafin yaƙi sojan Nijeriya wajen 10,000 ne, amma kafin a gama sun kai wajen 250,000. Daga ina aka samo su? Daga gonaki da kasuwanni da makarantu, daga ƙauyuka irin namu. Baffa yana cikinsu. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, yana da mata da ɗa ɗaya na goye, ya kuma iya karatun Hausa, gama ya shiga ajin baftisma. Bayan an cire amfanin gona a shekarar 1967 ya tafi tare da waɗansu samari biyu. Aka yi musu horo na 'yan makonni, aka sa shi cikin Runduna ta 2, wadda Murtala Muhammed yake shugabanta.

Wannan runduna ta yi ƙoƙarin haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoba 1967, ta yi hasarar mutane da yawa. Daga baya ta zaga ta tudu, ta shiga Anaca a watan Maris 1968. Ran 31 ga Maris, wani dogon ayarin motocinta ɗauke da kayan yaƙi da man fetur yana bin hanyar Anaca, sai sojan Biyafara suka yi masa kwanton ɓauna a wani gari da ake kira Abagana. Harbi ya sami tankar mai, wuta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Mutane da yawa suka ƙone. Baffa yana bayan wata babbar mota, ya yi tsalle ya faɗa kwari, hannunsa na hagu da kafaɗarsa sun ƙone. Ya kwana biyu a cikin daji ba ci ba sha, a rana ta uku aka same shi.

Wata 21 a hannun abokan gāba

Akwai dokar duniya da aka ƙulla a birnin Jeniba a 1949, wadda ta ce kada a kashe sojan da aka kama, a ciyar da shi, a yi masa magani, a kuma bar shi ya aika wa danginsa da labari. Ma'aikatan Red Cross sun yi ƙoƙari su ziyarci fursunoni a sassan biyu. Amma yaƙi ba ya karanta takarda kullum. Baffa ya ce ana ta sauya musu wuri da dare, yau a makaranta, gobe a wani tsohon sito, duk sa'ad da fagen fama ya matso. Babu wasiƙarsa ko ɗaya da ta iso Lausu.

Babban abokin gābansu yunwa ce. Bayan da sojan tarayya suka ci Fatakwal a watan Mayu 1968, Biyafara ta rasa hanyar teku. Abinci ya ƙare, gishiri ya zama kamar zinariya. Yara suka kamu da ciwon kwashiyoko, wanda rashin abinci mai gina jiki yake kawowa: ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja. Ikkilisiyoyin ƙasashen waje suka haɗa kai suna aiko da jiragen sama da dare daga tsibirin Sao Tome zuwa Uli, inda aka mai da hanyar mota filin sauka, suna kawo madara da busasshen kifi. Duk da haka masu ƙiyasi da yawa sun ce fiye da mutum miliyan ɗaya suka mutu, yawancinsu saboda yunwa. To, inda 'ya'yan gida suke mutuwa da yunwa, me za a ba fursuna? Sau ɗaya a rana akan ba su 'yar ƙullin garin rogo, wani lokaci da ganyen rogo dafaffe. Sukan haƙa ramuka, su ɗauki kaya, su binne matattu. A cikin waɗanda aka tsare tare da shi, da yawa ba su ga ƙarshen yaƙin ba.

Wata rana da yamma an kai su saran itace kusa da wani ƙauye. Baffa ya zauna a gindin kwakwa, ƙafafunsa sun kumbura, yana addu'ar Ubangiji a hankali da Hausa. Wata tsohuwa mai wucewa ta tsaya, ta saurara, sai ta ce masa da Hausa tsantsa, "Ɗana, kai mai bi ne? Daga wace ƙasa?" Ya ce, "Daga ƙasar Kano, Iya." Ta yi shiru da daɗewa. Sa'an nan ta ce ta yi shekara 20 a Sabon Garin Kano tana sayar da kayan miya, a can kuma aka kashe ɗanta a 1966. Baffa ya sunkuyar da kai, yana jiran zagi ko duka. Tsohuwa ta tafi ba ta ƙara cewa kome ba. Kashegari ta komo da dafaffen rogo a cikin ganye, da ɗan gishiri ƙulle a bakin zanenta. Ta yi ta yin haka har aka ɗauke su daga wurin. Baffa ya hakikance, in ba domin wannan rogo da gishiri ba, da can aka binne shi.

Abin da ya faru a gida

A Lausu kuwa, wajen farkon daminar 1968, ɗaya daga cikin samarin da suka tafi tare ya zo gida da rauni. Ya ce da idonsa ya ga motar da Baffa yake ciki tana ci da wuta, ba wanda ya fita. Ba ƙarya ya yi niyyar yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Aka yi kuka, aka yi zaman makoki, mai bishara ya yi sujadar ta'aziyya ba gawa.

Kakarmu kaɗai ta ƙi. Ta ce, "Jikina bai ba ni yaron nan ya mutu ba." Ta ɗauke fartanyarsa da garmarsa ta ɓoye a ɗakinta, kowane dare kuma sai ta rufe tuwo a akushi ta ajiye. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa ta.

Sauran gida suka yi abin da masu rai suke yi. Aka raba gonarsa, mahaifinmu ya karɓi babban kashi, ya yi ta kai mata taki shekara biyu. Matarsa, yarinya ce da ba ta kai shekara 20 ba, ta koma gidan iyayenta wajen Kibiya da ɗanta. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura mata aure da wani mai bi, da yardar dattawan ikkilisiya da ta gidanmu.

Ranar komowa

Ran 12 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya yi shelar ajiye makamai, bayan da Ojukwu ya tafi Kwaddibuwa, ran 15 ga wata kuma aka tabbatar da ƙarshen yaƙi a Legas. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci. Aka sami Baffa da sauran da suka ragu, aka kai su asibiti. A can aka riƙa ba su kunu da madara kaɗan kaɗan, gama wanda ya daɗe cikin yunwa, in aka cika shi da abinci mai nauyi farat ɗaya, abincin da kansa yana iya kashe shi.

Da bazara ya sauka a Rano, ya ƙarasa gida da ƙafa. Matan da suke bakin rijiya suka gan shi, suka watsar da tuluna suka gudu, suna cewa fatalwa. Kakarmu ta fito ba mayafi, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta dube shi, ta ce, "Ku kawo masa ruwa." Ran Lahadi majami'a ta cika har waje. Aka yi waƙoƙi, aka yanka akuya, kowa ya ce labari ya ƙare da daɗi.

Ashe a ranar ne wani sabon labari ya soma. Maganar gona ba ta yi wuya ba. Mahaifinmu ya je ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga gonarka, ga kuma rabonka na dawar da ke rumbu." Maganar mata ce ta gagara, domin a lokacin tana da tsohon ciki. Dattawa suka zauna har sau uku. Waɗansu suka ce auren fari yana nan tun da mijin yana da rai, waɗansu suka ce an ɗaura na biyu da gaskiya a gaban Allah da jama'a, ga kuma jariri a hanya. A zama na uku Baffa ya miƙe ya ce, "Iyayena, yarinyar nan ba ta ci amanata ba. An ce mata na mutu, ta kuwa yi mini kuka. Ku bar ta a ɗakinta. Ɗana kaɗai nake roƙo, in ya yi wayo."

Yaron ya komo yana da shekara bakwai. Bai san wannan mutum mai tabon wuta ba, uban da ya sani yana Kibiya. In Baffa ya shigo gida sai ya ɓuya a bayan kakarmu. Sau biyu yana gudu da ƙafa zuwa wurin uwarsa. Sai da ya yi aure ya haifi nasa ɗa kafin bakinsa ya saba da kiran Baffa "Baba". Wannan ita ce hasarar da ta fi ƙunar hannu yi wa Baffa ciwo.

Ciwon da ido ba ya gani

Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma fuskar Baffa ba ta faɗar kome. Halinsa ne ya riƙa faɗa. Yakan ɓoye ragowar tuwo a ƙarƙashin tabarma har ya lalace. In yaro ya zubar da gishiri, sai ya fusata fiye da kima. Da kaka, in an cinna wa daji wuta, yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Tsawar damina takan tashe shi da ihu, yana neman wurin ɓuya. Ya sake aure, amma matarsa ta biyu ta sha yin yaji. Ya kuma soma zuwa gidan burkutu, domin ya ce sai ya sha yake samun barci. Waɗansu suka ce iska ce ta bi shi daga Kudu. Waɗansu masu bi suka ce rashin bangaskiya ne, har aka dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji.

A lokacin ba wanda ya san sunan abin a ƙauyenmu. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka shigar da shi cikin jerin cututtuka, bayan sun lura da sojojinsu da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Muna iya kiransa ciwon firgita bayan bala'i. Jiki ya fita daga hatsari, amma zuciya tana nan a tsaye kamar mai gadi. Wari ko ƙara ko mafarki sai ya mai da mutum wurin da ya sha azaba, kamar yanzu abin yake faruwa. Yana kama jarumi da matsoraci, mai bi da marar bi, kamar yadda zazzaɓi ba ya zaɓe.

Abin da ya taimaki Baffa ya zo a hankali. Wani fasto da aka aiko mana ya ɗauki al'adar zuwa wurinsa kowace Laraba da yamma. Ba ya yi masa wa'azi, ba ya tambayarsa kome. Sai ya zauna su yi ta ɓarar gyaɗa tare. Ya ce ya koyi wannan daga abokan Ayuba, waɗanda suka yi kwana bakwai a zaune tare da shi ba magana, kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata. Matan zumunta suka riƙe matarsa, suna taya ta aiki, suna jin kukanta. Mahaifinmu ya hana yaran gida tsokanarsa. Bayan wajen shekara biyu ana haka, wata rana Baffa ya ba faston labarin tsohuwar nan mai rogo. Shi ne karo na fari da ya faɗa wa wani mahaluki, shekaru da yawa bayan yaƙi. Ya ce abin da yake cinsa shi ne, bai taɓa tambayar sunanta ba, bai kuma san abin da ya sa shi ya rayu abokansa suka mutu ba.

Daga nan ya soma sauƙi. Mafarkan ba su rabu da shi ɗungum ba har ya tsufa, amma ya bar sha, aka mai da shi cikin zumunta. Mu da muka tashi a gabansa mun san shi dattijo mai sanyin murya, wanda ba ya yarda a zagi Inyamuri a gabansa, ba ya kuma yarda a kira su da wannan suna. Yakan ce an zubar da jinin marasa laifi a Kano, an zubar a Asaba, Allah kuwa ya ga duka. In ɗan kasuwa daga Gabas ya kwana a ƙauyenmu, a zauren Baffa yake cin tuwo.

Mu fa a yau?

Yaƙin basasa ya wuce da fiye da shekara 50, amma kamun mutane ya komo ƙasarmu da sabuwar riga. A watan Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. A Fabrairu 2018 aka kwashe 110 a Dapchi. A Disamba 2020 aka tafi da yara maza fiye da 300 daga Ƙanƙara. A Maris 2022 aka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna, waɗansu fasinjoji suka yi fiye da wata shida a daji. Ban da waɗannan akwai manoma da matafiya da sojoji da ba a buga sunayensu a jarida ba, Kirista da Musulmi. Da yawa sun komo, waɗansu matan da goyo. Kowannensu yana da gida da yake bukatar sanin abin yi.

Ga abin da muke roƙon iyalai da ikkilisiyoyi su riƙe. Kada a yi gaggawar raba gādo ko ɗaura sabon aure a kan jita-jita, sai an bincika iyakar bincike. In mutum ya komo, a fara kai shi asibiti kafin a yi masa biki. Kada a tsayar da shi gaban jama'a a ce ya ba da shaida tun bai shirya ba, kada kuma masu zuwa barka su dame shi da tambaya. Macen da aka ci mutuncinta a hannun mugaye ba ta yi zunubi ba, ɗan da ta zo da shi kuma bai zaɓi ubansa ba, kada a bari bakin mutane ya zama musu kurkuku na biyu. In rashin barci da firgita da fushi suka daɗe, ko mutum ya soma maganar kashe kansa, a nemi likita tare da addu'a. Akwai asibitin masu irin wannan lalura a Dawanau ta Kano, akwai na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. A kuma tuna da matar gida da yara, gama su ma an ɗaure su ko da ba a sa musu igiya ba.

Muna roƙonku ku karanta 2 Tarihi sura 28 a sujadar iyali. A can za ku ga yadda annabi Oded ya tsauta wa mayaƙan Isra'ila saboda 'yan'uwansu na Yahuza da suka kamo. Sai waɗansu shugabanni suka tashi suka tufatar da kamammun, suka ba su takalma da abinci da ruwa, suka shafa musu mai, suka ɗora marasa ƙarfi a kan jakuna, suka raka su har Yariko wurin danginsu. Ku lura, ba su kwance su kawai suka ce su tafi ba, sai da suka kai su gida. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 13 kuma tana umartarmu mu tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mu.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko akwai wani a unguwarku wanda ya komo daga hannun mugaye, an gama yi masa barka, kowa ya watse? Zumunta a ƙafa take. Ka je wurinsa a makon nan, ka zauna, ko da ba ka da abin faɗa. Ka kuma koma mako mai zuwa. Ubangiji wanda yake kwance ɗaurarru ya ba mu haƙurin raka su har gida. Amin.